Abin da Na Zuba Masa a Kula

Sallama gare ku masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min wai in daina iyayi in auri mutumin nan tun wata ba ta ɗauke shi ba. Na gode da shawara, 'yar'uwa. Ki karanta na yau har ƙarshe, idan kin gama kina sonsa, wallahi da hannuna zan tura miki lambarsa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Radiyya, a Illela aka haife ni. Na karanta aikin injiniyan gini a Sakkwato, na dawo gida ina aiki a wani ƙaramin kamfanin gine-gine. Mai kamfanin, Injiniya Muhyiddeen, shi ne ogana, kuma shi ne wanda wata huɗu ke nan yana ajiye farar motarsa a ƙofar gidanmu duk Juma'a bayan la'asar. Ɗan Sakkwato ne, gidansu duk manyan ma'aikata. Hausar rediyo yake yi, ko da wasa ba za ka ji “mi” irin tamu maimakon “me” a bakinsa ba. Tun ranar da ya fara zuwa Inna ta koma kirana “amaryar Injiniya”, kamar ni ba injiniyar ba ce.

Maganar ta faro ne daga albasa.

Kawu Hamidu, ƙanin Inna, manomin albasa ne a ƙauyen Tozai. Tun tasowarsa a rudu yake ajiye ta, wato gadon itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa, a jera albasa a kai, a rufa mata ciyawa. Iska na ratsa ta ta ko'ina, sai ta kai damina lafiya lau, lokacin da 'yan Ƙonni ke tsallako iyaka suna nemanta ido rufe. Illar rudu ita ce gobara, da gara, da ɓarayi. Shi ya sa ƙungiyar manoman Tozai ta ba kamfaninmu aikin gina musu ɗakin ajiya na bulo, Oga kuma ya miƙo min zanen.

Ban zauna a ofis ba. Mako biyu na yi ina jigila Tozai, ina tsugune a gindin rudun Kawu ina yi masa tambayoyi har ya fara tsokanata wai boko ya zo koyon karatu wurin fartanya. Abin da na koya guda ne, albasa ba ta da masoyi kamar iska. Sai na zana ɗaki mai bulon huda, layi biyu a ƙasa, layi biyu a sama, zagaye da ginin. Na ɗaga daɓen katako har gwiwa, na bar tsaga tsakanin kowane katako. Rufin kwano can sama, da asabari a ƙarƙashinsa saboda zafi.

Ba zan ci haƙƙin Muhyiddeen ba. Ranar da muka ja igiyar harsashi ya zo, ya zagaya filin, bai ce komai ba sai da ya tsaya a kusurwar gabas.

“Injiniya Radiyya, ruwan damina ta ina yake gangarowa a nan?”

Na duba. Ashe na kafa ginin a kan hanyar ruwa. Bai ce min matsar ba, bai karɓi zanen daga hannuna ba, tafiyarsa ya yi. Ni na nemo tsofaffin gari suka nuna min inda ruwa ke bi, na matsar da harsashin taku goma sha biyar. A ranar na ji yana burge ni, ba zan ɓoye muku ba. A wurina aikin shugaba ke nan, ya yi maka tambayar da ka manta ba ka yi wa kanka ba, sannan ya ba ka wuri ka yi aikinka.

Ashe ban san shi ba tukuna.

Gini ya kai rufi sai ya kawo wasu abokansa biyu daga Sakkwato su ga aikin kamfaninsa. Suna fitowa daga mota, ɗayan mai ƙaton agogo ya kalli bangon ya fashe da dariya.

“Muhyi, gidan tattabaru ka koma ginawa?”

Shi ma ya yi dariyar, amma na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi. Washegari ya tura ni ƙauyen Garu in tsaya a kan wani kwalbati da ba ya buƙatar kowa. Kwana takwas na yi ina zuwa can.

Ranar da na koma Tozai sai da na wuce ginin da babur ɗin haya, don ban gane shi ba. An shafe bangon sumul da siminti. Babu huda ko ɗaya. An buga farin fenti da kore, an sa tagogin gilashi guda huɗu masu kyau irin na falon amarya, ga sunan kamfani da manyan haruffa ana hango shi tun daga bakin hanya.

Malam Halliru, babban maginin da muke aiki da shi, dattijo ne sa'an Baba. Yana ganina ya sunkuyar da kai yana goge cokalin gini da ba shi da datti.

“Malam Halliru, mi nike gani haka?”

“Injiniya, sannu da zuwa. Ya hanya?”

“Ba gaisuwa nika tambaya ba. Ina hudojin iska?”

“Oga na yac ce a rufe.”

Ya ciro wayarsa ya kunna min saƙon murya. Muryar Muhyiddeen ce tar: “Halliru, ramukan nan a toshe su duka kafin Asabar, a shafe, a yi fenti. Akwai baƙi da masu hoto, ba zan nuna musu akurkin kaji ba. Zan kawo fankoki masu aiki da hasken rana...” Sai Malam Halliru ya yi sauri ya kashe. Na lura saƙon bai ƙare ba, amma raina ya ɓaci da yawa ban bi ta kai ba.

“Kai ɗan manoman albasa na, Malam. Ba ka san abin da wanga aiki za ya jawo ba?”

“Na sani hwa. Ina shahe bangon zuciyata na ƙuna.”

“To don mi ba ka kira ni ba?”

Ya kalli ƙasa, ya kalli ma'aikatan.

“Injiniya, duk garin ga an san inda motar Oga ka tsayawa ran Juma'a. Ni wane ne da za ni shiga tsakanin mutum da wadda za ya aura? Na ɗauka kun yi maganarku can gida.”

Kun ji fa. Magina shida, kowannensu a gindin rudu ya girma, kowannensu ya san kuskure ne, amma kunya ta ɗinke musu baki. Da baƙuwa ce ni a wurin Oga, da tun bulo na farko sun kira ni.

Na same shi a ofis yana duba hotunan ginin a kwamfuta, yana murmushi shi kaɗai.

“Yallaɓai, albasa za ta ruɓe a ɗakin nan.”

“Gimbiya, zauna mana. Kin ga yadda ya fito?”

“A ofis sunana Radiyya. Zafin bazara na zuwa, in babu iska ko wata biyu ba za ta yi ba.”

“Na ce fankoki suna hanya. Zamani ake ciki, ba za mu gina wa mutane rudu da siminti ba.”

“Ka lissafa iskar da ɗakin ke buƙata? Fanka nawa?”

Ya rufe kwamfutar a hankali. “Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan. Ki bar min wannan.”

Shekara goma sha ɗaya yana gina shaguna da katangu, bai taɓa riƙe albasa ba sai a kan tsire. Wannan a zuciyata na faɗa.

Da na koma gida na gaya wa Inna, tana zaune tana tsinke zogale. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ke dai kin cika gardama. Mutum da kamfaninai, da iliminai, yac ce a toshe rami, sai ki tsaya kina kai-kawo? Haka za ki yi mai in kin shiga gidanai?”

“Inna, aikina na.”

“Aikinki na ki iya bakinki har a ɗaura. Ɗiyan mutane nawa ka neman irinai ba su samu ba?”

Yanzu zan faɗa muku abin da ya fi komai ci min rai, kuma ba na Muhyiddeen ba ne, nawa ne. Ranar da za a fara zuba kaya, Kawu Hamidu ya ja ni gefe. Ya shiga ɗakin ya fito yana share gumi da hularsa.

“Ɗiyata, ɗakin ga ya yi kyau, amma ban ji iska ba. Kin tabbata?”

Na hango Muhyiddeen can yana gyara wa mai hoto tsayuwa. Na tuna Inna. Na tuna fankokin da suke hanya. Na buɗe bakina na ce, “Ka kawo, Kawu. Za a sa fanka.”

Bai ƙara tambaya ba. Noman shekararsa gaba ɗaya ya kwaso, buhu ɗari da arba'in, ya juye a kan katakon da na zana. Sauran manoma da suka ga Hamidu ya yarda, su ma suka kawo nasu. Rudunsa ma ya kwance ya ba mata itacen suka yi girki.

Mako biyar ina tambayar fanka. Ga saƙonninmu, ban goge ko ɗaya ba.

“Yallaɓai, fankokin fa?”

“Suna Kano.”

“Yallaɓai, yau zafi ya yi yawa, a bar ni in fasa ko layin sama ne.”

“Kar a taɓa fentin nan. Wane leshi kike so, ruwan toka ko ruwan zuma?”

Ranar Larabar da ta wuce da hantsi Malam Halliru ya kira ni. Abin da ya ce kawai, “Injiniya, taho.”

Tun daga bakin hanya warin ya tare ni. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku dai ku tuna miyar da aka manta a tukunya kwana uku, ku ninka ta har sai kun gaji. Da aka buɗe ƙofa wani tururi mai ɗumi ya bugo min fuska, sai da na dafa bango. Gilashin tagogin nan masu kyau duk sun yi gumi ta ciki. Baƙin ruwa na ɗiga ta tsagar katako, ya taru a ƙasa ya yi kumfa. Ƙudaje kuwa sai ka rufe baki kafin ka yi magana. Na ɗauki albasa ɗaya, a ido lafiyarta lau, ina matsawa yatsana ya nutse har ciki, tsutsotsi suka biyo ruwan. Na fita da gudu na amayar da kunun da na karya da shi a gindin bangon, daidai ƙarƙashin sunan kamfani.

Da na dawo na tarar da Kawu a tsugune a tsakiyar ƙazantar, ya naɗe hannun riga, yana tsintar masu sauran rai ɗaya-ɗaya yana ajiyewa gefe. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kallon kasuwar shanu.

“Kawu...”

“Ba komi, ɗiyata. Haka Allah ya so.”

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na karɓi guduma daga hannun Malam Halliru, na hau tsani da atamfata, na fara dukan bangon daidai inda na san hudojin suke.  Can sai na ji wata gudumar a ɗaya ɓangaren, sai wata. Kafin azahar iska ta fara ratsa ɗakin, amma abin da aka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Zan tafi Malam Halliru ya biyo ni har wurin babur.

“Injiniya, saƙon nan da nik kashe maki rannan, na turo maki shi duka. Ki yahe mani, kunya ta hana ni.”

Na saurara a kan hanya. 

Muhyiddeen bai taka Tozai ba. Ranar Alhamis ya turo min takarda ta waya, rahoton da za a kai wa ƙungiyar manoma. An rubuta cewa asarar ta faru ne saboda “kuskuren zane daga ƙaramar injiniya”. A ƙasa an bar wurin sa hannuna. Ina gama karantawa ya kira.

“Gimbiya, kin gani? Tsari ne kawai.”

“Zanena yana da huda ɗari biyu da sittin, Yallaɓai.”

“Na sani. Amma ki duba, in sunan kamfani ya ɓaci, da me zan riƙe ki? Ke aure za ki yi, wa zai tuna? Hamidu kawunki ne, ba zai kai ki ƙara ba. Ki fitar da ita ki sa hannu, gobe in na zo in karɓa.”

Na kalli wayar kamar wadda ta taka kashin kaza da ƙafa ba takalmi. Wai wannan ne zan riƙa wanke wa hula.

Juma'a tun safe Inna ta tayar da gidan. Ta ji cewa Injiniya zai zo ya jajanta wa Kawu a gaban Baba, sai abin ya ƙara masa daraja a idonta. Aka yi masa da miyar taushe, aka dama fura da nono mai sanyi, aka soya zabi biyu. Ta fito min da leshin da ya aiko, ruwan zuma, da mayafi mai duwatsu. Ta turara falon Baba har hayaƙi na fita ta taga.

“Ki saki huskar nan. Mutum ya rufa maki asiri kina ɗaure mai rai?”

“Wa yac ce maki ya rufa mani asiri, Inna?”

“Shi da bakinai, jiya ta waya. Yac ce kuskure kinka yi, amma ba za ya kore ki ba. Irin wanga miji sai an tona.”

 Na sa leshin, na shafa humra, na ja kwalli. Sannan na zagaya bayan ɗakin girki inda na ɓoye wata leda tun ranar Laraba. Na ɗauko sabuwar kular Inna mai ruwan zinare, wadda ba a fito da ita sai don babban baƙo, na toshe hanci na juye ledar a ciki, na murɗa murfin tam. Na jera ta a tire tare da sauran.

Bayan la'asar ya iso, cikin farar shadda mai sheƙi da hula ruwan toka, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Baba na kan kujerarsa da carbi, Kawu Hamidu na zaune a kan darduma, har yanzu ƙasan farcensa baƙi ne. Ina daga bakin labule na ji Muhyiddeen yana magana a tausashe.

“Wallahi Baba, abin ya dame ni. Laifina ɗaya ne, na sakar mata aiki da wuri. Ka san yaran yanzu, in ka sa musu baki su ce ka takura musu. Amma na yafe mata, kuma ina roƙon Kawu ya yafe mata.”

Na yi sallama na shiga. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye fura a gaban Baba, masa a gaban Kawu. Kular zinaren na tura gaban Muhyiddeen, na ɗora takardar nan a gefenta, wurin sa hannun fari fat.

“Wagga taka ta kai kaɗai, Yallaɓai.”

Ya yi murmushi ya kalli Baba, irin na ka ga yadda take ji da ni. Ya ce bismillah, ya murɗe murfin.

Turaren Inna bai yi daƙiƙa ɗaya ba ya sha kaye. Muhyiddeen ya zabura baya, baƙin ruwan ya fallatsu a gaban shaddarsa, ya dafe baki yana kakari. Baba ya janye ƙafa. Kawu kuwa bai motsa ba, ya leƙa ruɓaɓɓiyar albasar da ke cikin kular kawai.

“Wagga tawa ta,” ya ce a hankali.

“Radiyya! Kin haukace?” in ji Baba.

“Baba, ka yi mani haƙuri minti guda.” Na juya wurin Kawu. “Kawu, ka tambaye ni ko na tabbata, nic ce ka kawo, alhali ban tabbata ba. Wanga laihina na, kuma za ni ɗauke shi har gaban ƙungiya. Amma wanda ba nawa ba, ba ni ɗauka.”

Na ajiye wayata a tsakiyar darduma na danna. Muryarsa ta cika falon, ramuka, fenti, baƙi, akurkin kaji, fankoki. Ya miƙo hannu zai ɗauka, Kawu ya ɗora nasa baƙin hannun a kan wayar. Sai ragowar ta fito, wadda Malam Halliru ya ji kunyar kunna min:

“...Kuma kar wanda ya kira Radiyya, surutu za ta yi. In wani abu ya faru ma ai zanenta ne. Wata uku ya rage ta shiga gidana, daga nan ita da wurin gini sai dai ta gani a hoto.”

Wani ƙuda har ya riga ya gano kular. A bayan labule na ji tiren kofuna ya kuɓuce daga hannun Inna ya tarwatse.

Muhyiddeen ya buɗe baki. “Baba, bari in yi bayani, ai magana ce ta aiki...”

Baba bai ko kalle shi ba. Mutumin da tun da aka fara maganar auren nan bai taɓa tambayata ra'ayina ba, ya ajiye carbinsa a hannun kujera, ya gyara zama.

“Ramatu, shigo ki zauna,” ya ce wa Inna ta bayan labule. Sannan ya dube ni. “Injiniya, maido saƙon nan daga hwarko.”